Abin da Ke Tsakanin Ƙashi da Ƙashi

Mahaucin da ya san aikinsa ba ya ɗaukar gatari idan zai raba ƙafar bijimi da cinya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban teburin mahauta a kasuwar Rano, ko ya tsuguna wajen fiɗar ragon layya a ƙofar wani gida a Madachi, ya ga yadda ake yi. Sai ya lanƙwasa ƙafar, ya miƙar da ita, ya sake lanƙwasawa, yana lalube da babban yatsa har ya ji wurin da ke lotsawa. Nan zai sa tsinin wuƙa. Yanka biyu ko uku, fararen jijiyoyi su tsinke, ƙafa ta rabu salin alin, babu sara, babu ɓarɓashin ƙashi a cikin nama. Yaro mai koyo ne ke ta kafta wa ƙashi gatari yana haɗa gumi, alhali ga ƙofa nan kusa da shi, bai gan ta ba.

Abin lura yana daidai wurin da wuƙar ta bi. Idan aka ɗaga guntun ƙafar aka duba bakin ƙashin, ba za a ga kaushin nan da aka saba gani a ƙashin miya ba. Wani farin abu ne ya lulluɓe shi, sumul, da ɗan shuɗi-shuɗi, yana ƙyalli. A danna shi da farce, ya ɗan lotsa ya dawo. Guringuntsi ke nan, wanda yara ke rububin gurgura. A kansa kuma akwai ɗan ruwa mai yauƙi irin na ɗanyar kuɓewa, in ya taɓa yatsu biyu sai su yi ta zamewa. Ɗaya bakin ƙashin ma haka yake. Ashe ƙasusuwan nan biyu da suka yi shekaru suna ɗauke da ƙaton sa, suna durƙusawa tare, suna miƙewa tare, ba su taɓa gogar juna ba. Kullum da wani abu a tsakaninsu. Gwiwar ɗan Adam ma haka Allah Ya gina ta.

Babban mutum yana da ƙashi 206. Jariri kuwa yakan zo duniya da wajen 270, wato ya fi ubansa yawan ƙashi, sai dai da yawansu ba su gama ƙwari ba, kuma za su yi ta haɗewa yana girma. Iyaye mata sun riga kowa sanin wannan, don su ke taɓa maɗiga, wurin nan mai laushi da ke bugawa a tsakiyar kan jariri. Allunan ƙoƙon kai ne ba su gama haɗuwa ba. An bar su a sake domin kan ya iya matsewa ranar haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta sami wurin girma, sai wajen shekara ɗaya da rabi zuwa biyu maɗigar ke rufewa. A ƙasan gadon baya ma ƙasusuwa 5 ne ke narkewa su koma guda ɗaya idan mutum ya girma. Amma haɗewar ba ta mamaye jiki duka ba. Inda tsaro ake nema, kamar gidan ƙwaƙwalwa, an ɗinke ƙashi da ƙashi ba motsi. Inda aiki ake nema, an bar rata. Kowane hannu, daga wuyansa zuwa kan yatsu, ƙashi 27 ne. Kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa ƙasa, 26. In aka tara hannu biyu da ƙafa biyu, 106 ke nan, fiye da rabin ƙashin mutum, duk an zuba su a wurin kamawa da wurin takawa. Har cikin kunne akwai 'yan ƙasusuwa uku-uku, ƙaraminsu bai wuce milimita 3 ba, su ma da gaɓoɓinsu. Kiran sallar asuba ma sai ya bi ta gaɓa kafin mai barci ya ji shi.

Malamai kan kawo hadisan da ke cikin Sahihu Muslim, waɗanda suka nuna cewa gaɓoɓin ɗan Adam 360 ne, kuma kowace safiya ana bin kowace gaɓa sadaka, raka'a biyu na walha kuwa suna isar wa mutum. Ba a ce kowane ƙashi ba, gaɓa aka ambata. Mutum ba ya tunawa da ita sai ranar da ya zo yin sujada ta ƙi ba shi haɗin kai.

A je gonakin Madachi tsakiyar damina, lokacin maimai, a tsaya a kalli manomi ɗaya da fartanyarsa. Ya sunkuya, kwankwaso ya karye biyu, gwiwa ta ɗan saki, gadon baya ya yi baka. Gadon bayan nan ba sanda ɗaya ba ne: ƙasusuwa 33 ne a jere, 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a ƙugu, sauran su ne waɗanda suka haɗe a ƙasa. Tsakanin masu motsin akwai wani faifai mai taushi da ke shanye jijjiga. Kowane ƙashi ɗan motsi kaɗan yake yi, bai taka kara ya karya ba, amma idan aka tara na kowa sai ga mutum ya kai hannu ƙasa. Faifan nan kan matse da nauyin yini, su sake kumbura da dare, shi ya sa mutum ya fi tsawo da safe da kamar santimita ɗaya. Manomin ya ɗaga fartanya, kafaɗa ta juya, gwiwar hannu ta naɗe, wuyan hannu ya gyara wa bakin ƙarfe kwana don ya yanke ciyawa ya bar dawa. Sara ɗaya ke nan. Kafin rana ta take zai yi dubbai, kuma ko sau ɗaya ba zai tsaya ya tsara wace gaɓa ce za ta fara ba.

Ƙashi kuwa ba ya motsa kansa. Tsoka ke jan sa, ta hanyar farar jijiyar nan mai tauri da ke hana nama taunuwa. Kuma tsoka ja kawai ta iya, ba ta iya turawa ba. Wadda ke gaban damtse ita ke naɗe hannu, amma in ta naɗe shi ba ta da ikon mayar da shi, sai ta saki, ta bayan damtse ta ja. Saboda haka kowace gaɓa tana tsakanin masu ja biyu da ba sa fuskantar waje ɗaya. Da za a cire ɗaya don a huta da jayayya, da hannun ya naɗe ya zauna a haka. Ko lokacin da ɗaya ke aiki, ɗayar ba barci take yi ba, tana riƙe da linzami kaɗan-kaɗan, shi ya sa mutum ke iya kai kofin shayi baki ba tare da ya watsa wa kansa ba. A gida ɗaya akan sami mai cewa a sayar da hatsi yanzu tun da farashi ya tashi, da mai cewa a bari a ga bazara. Kowanne yana ganin ɗayan ne ke hana ruwa gudu. Rumbun da ya kai su ga sabon gero, sau da yawa, jayayyar nan tasu ce ta kai shi.

Gaɓoɓin ma ba a ba su 'yanci daidai wa daida ba. Kafaɗa da kwatangwalo gininsu iri ɗaya ne, mulmulallen kan ƙashi a cikin rami. Amma ramin kafaɗa ba shi da zurfi, shi ya sa hannu ke iya zagayawa ta ko'ina, ya kai ƙeya, ya kai tsakiyar baya, ya jefa dutse. Shi ya sa kuma duk cikin manyan gaɓoɓi babu mai yawan gocewa kamarta. Ramin kwatangwalo mai zurfi ne, ya rungume kan ƙashin cinya sosai, motsinsa bai kai na kafaɗa ba, amma shi ke ɗauke da mutum da kayan da ke kansa, kuma kafin ya goce sai an yi babban haɗari. Gwiwa gaba ɗaya hanya ɗaya aka ba ta, ta naɗe baya, ta miƙe. A cikinta akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, aikinsu su hana ƙwauri zamewa gaba ko baya. Samarin da ke bin ƙwallon Turai a gidajen kallo sun san su, don in ɗaya ta tsinke ɗan wasa kan shafe watanni a waje. Wannan ɗaurin ba gaba ake yi da gwiwa ba. Gwiwar da ta iya lanƙwasawa ta ko'ina, mai ita ba ya tsayuwa. Targaɗe ma ba wani abu ba ne illa gaɓa ta wuce inda aka ce ta tsaya.

Amma a koma ga farin abin nan na bakin ƙashi, don shi ne ya fi ban mamaki. A gwiwar mutum kaurinsa 'yan milimita ne kawai. Duk takun da mutum ya yi a fili, nauyin da ke sauka a kan gwiwa ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa, balle hawan duwatsun Rurum, ko macen da ta ɗauko tulu a ka da goyo a baya. Duk wannan a kan ɗan siririn abin nan yake sauka, shekara sittin, saba'in. Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jiki, na ƙwauri ma ba baya ba. Abu biyu masu tauri haka, in aka haɗa su baki da baki aka ce su yi aiki, cinye juna za su yi. Hikimar da aka yi ba ta rage wa ko ɗaya taurinsa ba. An bar kowa da ƙarfinsa, aka shimfiɗa taushi a inda za su haɗu.

Babban gidan Bahaushe na karkara wuri ne da masu tauri ke zaune kusa da kusa. Ga wa da ƙane suna noma gandu ɗaya, kowanne da ra'ayinsa. Ga matansu, faccaloli, a tsakar gida ɗaya da turmi ɗaya. Ga kishiyoyi, ga uwar miji, ga surukai da ke zuwa da tafiya. An ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Duk da haka irin gidajen nan kan shekara hamsin a tsaye, kuma idan aka duba da kyau za a ga mutanen cikinsu ba kasafai suke haɗuwa ƙashi da ƙashi ba. Suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa, tun daga nesa zai tuɓe takalmi ya tsuguna. Mace ba ta kama sunan mijinta, sai Malam, sai Maigida. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane, ko da shi ne ranta. Ƙane yana da magana mai nauyi da wansa, ba zai tare shi a gaban iyali ba, sai ya bi ta wajen baffa ko wani aminin gidan. Namiji baligi ba ya faɗawa cikin gidan da ba nasa ba, sai ya tsaya a zaure ya yi sallama a aiko yaro. Mai kallo daga waje zai ce wannan duk nisanta juna ne da ɓata lokaci. Kunya da kawaici kuwa su ne suka sa mutum biyu da za su iya fasa gida da kalma ɗaya suke kwana su tashi a inuwa ɗaya. Ratar ba ta raba su ba, ita ce ma ta sa suka iya matsowa kusa haka.

Ruwan yauƙin ma yana da nasa a zaman mutane. Kaka ta kalli jikanta ta ce, “Kai miji, yau ma hannu rabbana ka zo? To na sake ka.” Shi kuma ya ce, “Ai ke tsohuwa, da ma neman hanyar guduwa nake.” A cikin dariyar ta gaya masa ya rage rowa, ya kuma ji, ba wanda ransa ya ɓaci. Taubasai kan gaya wa juna gaskiyar da in wani ne ya faɗe ta sai an kai ga mai unguwa. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, sun gaji tsokanar juna, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma da wuya a ji ta zama faɗa. Wanda ya tsara wa mutane wasan nan ya san inda ake yawan guga.

Sai dai guringuntsi yana da wani hali da ya kamata a tsaya a kansa. Babu hanyar jini a cikinsa, babu kuma jijiyar da ke kai saƙon zafi. Abincinsa daga ruwan gaɓar yake samu, kuma ba ya shiga sai an motsa: a taka, ya matse ya fitar da abin da ya gama amfani, a ɗaga, ya tsotsi sabo. Gaɓar da aka ajiye don a tattala ta, yunwa ake sa ta. Masu cewa zumunta a ƙafa take ba su san sun faɗi gaskiya har ta wannan fuska ba. Rashin jijiyar zafin kuma yana nufin yana iya shekaru yana sirancewa mai shi bai sani ba. Ƙashi in ya tsage, ihu ake yi nan take. Guringuntsi shiru yake ƙarewa. Ranar da zafi ya bayyana, ba shi ne ke kuka ba, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ne da naman da ke kewaye suka fara jin abin da ya daɗe yana tare musu. Kuma ga shi, saɓanin ƙashi, da ƙyar yake tsirowa idan ya tafi.

Kusan kowane babban gida yana da irin wannan mutum. Wani lokaci uwargida ce da ke haɗiye magana, ta kai wa wannan saƙon wancan bayan ta cire masa ƙaya. Wani lokaci ƙanen maigida ne da kowa ke ganin ba shi da ta cewa, ko wata gwaggo da aurenta ya mutu ta dawo gida. Ba a sa su a lissafin ƙarfin gida. In ana maganar ƙashin bayan iyali, mai kuɗin ake nufi, ko mai faɗa a ji. Su kuwa tun da ba sa ƙorafi, sai a ɗauka ba sa jin komai, a yi ta jibga musu. Sai bayan an yi sadakar bakwai ɗinsu a ga 'yan'uwan da ba a taɓa jin kansu ba sun fara ɗaga wa juna murya a kan iyakar gona, a ga an ja katanga a tsakar gida. Mutane su ce shaiɗan ya shiga tsakani. Halin kowa yana nan yadda yake tun da can, wanda ke tsakani ne ya fita.

Likitoci sun yi ƙoƙarin maye gurbin abin da ya ƙare. A 1962, a asibitin Wrightington da ke Ingila, wani likitan ƙashi mai suna John Charnley ya fara dasa kwatangwalon roba mai tauri da kan ƙarfe wanda ya yi aiki sosai, kuma a kan hanyarsa ake tafiya har yau, har an kai ga sauya gwiwa. Aiki ne mai amfani ƙwarai, tsofaffin da suka koma salla a kan kujera da dama sun sake takawa ba zafi. Amma yana da tsada, sai an yanke bakin ƙashin an zubar, kuma ƙarfe da roba ba sa gyara kansu, lalacewa kawai suke yi a hankali. 'Yan'uwan da suka kai ga zaman kotu a kan gado su ma sukan sami maslaha, a auna, a raba, a sa hannu, kowa ya san nasa. Ana iya rayuwa a haka. Gaisuwar dai takan koma ta ranar salla.

Karaya kuwa wani babi ne, kuma a yankin Rano da Kibiya, kamar sauran karkarar Kano, ba baƙuwa ba ce: babur ya zame a kan yashi, yaro ya faɗo daga mangwaro, sa ya yi tutsu a bakin garma. Mafi yawan lokaci maɗori ake fara nema. Sana'a ce ta gado, kuma mai ita yakan san ƙashi da yatsunsa yadda makaho ya san hanyar gidansa. Zai shafa wurin, ya gano inda ya rabu, ya sa ƙarti biyu su riƙe. “Baba, a hankali don Allah,” in ji mai karaya. “Daure, yaro, ai namiji ne kai.” Sai ya ja, ya daidaita, ya yi tofi, ya jera karare ko tsagin gora, ya naɗe da ƙyalle.

Abin da ke biyo baya ba aikin maɗori ba ne, ba kuma na likita ba ne. Jinin da ya taru a wurin ya daskare. Cikin mako biyu zuwa uku wani abu mai taushi, kusan guringuntsi, ya tsiro ya kama bakin nan da bakin can. Sannu a hankali ya rikiɗe ya zama ƙashi, har ya yi ƙullutu wanda ake iya ji da hannu. A babban mutum abin kan ɗauki mako shida zuwa wata uku, gwargwadon ƙashin, na yaro kuwa ya fi sauri nesa ba kusa ba. Lura da cewa ko a nan, taushi ne ke fara shiga tsakani kafin tauri ya biyo. Mai ɗori da mai filasta duk abu biyu ne nasu: su sa bakin ya fuskanci baki, su kuma hana motsi har jiki ya gama nasa. In an daidaita a karkace, a karkace zai kama, don ƙashi ba ya tambaya.

Inda ake samun matsala shi ne ɗaurin. Wurin da ya karye kumbura yake yi, musamman kwanakin farko. Idan aka tamke shi tam babu wurin da kumburin zai je, sai ya matse hanyoyin jini. Yatsu su yi sanyi, su dushe, su daina ji, zafi ya wuce na karaya, mai ciwo ya yi ta roƙo a sassauta, a ce masa ragwanta ce. Cikin awanni kaɗan tsoka kan fara mutuwa. Likitocin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959, sun sha karɓar yaran da karayar hannu ce kawai ta same su, irin wadda za ta warke cikin wata guda, amma aka kawo su hannu ya riga ya yi baƙi, ba abin da ya rage sai yankewa. Faɗin haka ba cin fuskar maɗora ba ne, da yawansu sun tayar da mutanen da ba su da kuɗin mota zuwa birni, kuma na kirkinsu sukan ce a je a yi hoto tukuna. Hoton nan tun 1895 Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukarsa da shi, ba sabon abu ba ne da za a yi ta jin tsoro. Amma karayar da ƙashi ya huda fata, da wadda ta shiga cikin gaɓa, da ta gadon baya ko kwatangwalo, da duk wadda yatsu suka fara sanyi, ba ta zaure ba ce.

Dattawan da ke shiga tsakanin mutane su ma iri biyu ne. Akwai wanda zai saurari kowa har ya gano ainihin inda abin ya rabu, ya sa su fuskanci juna a daidai wurin, ya ce kowa ya kama bakinsa na wani lokaci, sannan ya ja da baya. Akwai kuma mai gaggawa, wanda zai tara su ya ce ku yafi juna yanzu-yanzu, ku yi musabaha, kada in sake jin maganar, in ba haka ba ban yafe ba. Fushin bai gama kumburinsa ba aka tamke shi. Daga waje an ga ɗori ya yi kyau. Matar da aka mayar ɗakinta a haka, ba a tambaye ta abin da ya fito da ita ba, takan yi shiru, kuma dangi su ɗauki shirun nan a matsayin lafiya.

Ko ɗorin da ya yi kyau yana barin bashi. Ranar da aka kwance, ƙafar za ta fito a rame, fata na saɓa, gwiwar da ba abin da ya same ta ta ƙage saboda zaman da ta yi. Ƙashin ma ya rage nauyi, domin ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe tsohonsa ana gina sabo, kuma gwargwadon nauyin da ake ɗora masa yake ginuwa. Wani likita Bajamushe, Julius Wolff, ya bayyana haka tun 1892, kuma 'yan sama jannati sun tabbatar da shi da jikinsu: a can inda babu nauyi, ƙashin ƙugu da na cinya kan rasa kamar ɗaya cikin ɗari na ƙwarinsa kowane wata. Shi ya sa daga ɗakin filasta ake tura mutum sashen gashin ƙashi, inda za a riƙa lanƙwasa masa gaɓar yana cije baki, yau kaɗan, gobe a ƙara. Da yawa a nan suke gudu, su ce ai ƙashi ya kama, me ya rage. Su ne ake gani bayan shekaru suna jan ƙafar da hoto ya nuna lafiyarta ƙalau. Wanda ya daure ya fara takawa da sanda, ya koma rabin nauyi, ya koma cikakke, jikinsa da kansa zai bi ƙullutun nan yana fafe inda ba a bukata yana ƙara wa inda nauyi ke bi. A ƙaramin yaro, bayan 'yan shekaru, likita ma sai ya duba da kyau kafin ya nuna inda aka karye.